Kafin adda, akwai takarda

Akwai maganar da ke ɓata mini rai duk lokacin da aka tayar da zancen Ruwanda ko Bosniya, wato a ce, "Ai tsohuwar gaba ce, dama can ba sa ga maciji da juna." Mai faɗin haka yakan ji kamar ya warware matsala, alhali ko kusa da ita bai je ba. In tsohuwar gaba ce kawai, me ya hana a yi kisan ƙare dangin Ruwanda a 1993 ko a 1995, sai a 1994? Me ya sa wani lardi ya kama da wuta cikin sa'o'i, wani kuma ya yi kusan mako biyu ana zaune? Ƙiyayya tsakanin al'ummomi ba inda babu ita a duniya, amma ba ko'ina ake hallaka mutum kusan 800,000 cikin kwana 100 ba.

Aikina na ajiye bayanai ne, rajista da fom da fayil. Shi ya sa in ina karanta labarin kisan ƙare dangi idona ba ya tsayawa a kan gawarwaki kaɗai, yakan zarce zuwa ga takardu: wa ya rubuta sunayen, wa ya sa hannu, wa ya ba da mota da mai. Abin da na daɗe da gamsuwa da shi kuwa shi ne, wannan ba haukan taron jama'a ba ne. Aiki ne da ake tsarawa, yana buƙatar hannaye masu yawa, kuma mafi yawan hannayen nan ba su taɓa riƙe makami ba.

Ranar 11 ga Janairun 1994, saura kusan wata uku a fara kisa, Janar Roméo Dallaire, ɗan Kanada da ke jagorantar dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, ya aika saƙon gaggawa zuwa hedikwata a New York. Wani mai horar da 'yan Interahamwe, wato 'yan dabar Hutu masu tsattsauran ra'ayi, ya tsegunta masa cewa an umarce shi ya yi rajistar duk 'yan Tutsi da ke birnin, kuma yana zaton don a hallaka su ne. Ya ce yaransa za su iya kashe mutum 1,000 cikin minti 20, ya kuma san inda aka ɓoye makamai. Dallaire ya sanar cewa zai kai samame. Aka taka masa birki, aka ce ya je ya shaida wa Shugaba Habyarimana, wanda jam'iyyarsa ce ke da Interahamwe ɗin.

Rajistar ma ba ta yi wuya ba, domin an riga an share mata hanya tun shekarun 1930, lokacin da Turawan Beljiyam suka fara rubuta ƙabilar kowa a katin shaidarsa. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, mafi yawansu addininsu ɗaya, suna zaune a kan tuddai ɗaya, akwai kuma auratayya. Sau da yawa ba za ka dubi mutum ka tabbatar da ɓangarensa ba. Katin ne ya kawar da shakkar. Gwamnatocin bayan 'yanci suka gaje shi suka ci gaba da bugawa, har zuwa watan Afrilun 1994 da saurayi mai adda a shingen hanya zai ce a miƙo kati, ya duba layi ɗaya, ya yanke hukunci.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ma shi ne na Holan. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar tana alfahari da rajistar jama'arta, tsaf take, har addinin kowa an rubuta. Ma'aikatan da suka gina ta ba su da mugun nufi, tsara ayyukan jin daɗin jama'a suke yi. Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940 ta kuma ba da umarnin yi wa Yahudawa rajista a farkon 1941, sai ma'aikatan suka yi aikin da irin ƙwazon da suka saba. Cikin Yahudawa kusan 140,000, an kashe sama da 100,000, wato kusan uku cikin huɗu. A Faransa kusan ɗaya cikin huɗu ne. Akwai wasu dalilan, kamar rashin daji ko tsaunin ɓuya da irin mulkin da aka ɗora wa ƙasar, amma ba wanda zai cire fayil daga lissafin. 'Yan gwagwarmayar ƙasar sun gane haka. A daren 27 ga Maris 1943 wasu suka sa kayan 'yan sanda, suka shiga ofishin rajista na Amsterdam, suka yi wa masu gadi allurar barci maimakon su kashe su, suka zazzage katuna a ƙasa suka cinna wuta. Kaɗan ne suka ƙone, domin takarda in ta taru a matse ba ta cin wuta da sauri. An tona asirinsu, aka harbe 12 daga cikinsu. Duk ranar da na ga fom mai gurbin ƙabila ko addini, tambayata ɗaya ce ga wanda ya tsara shi: me za a yi da wannan, kuma wa zai riƙe shi bayan shekara 30?

Doka ma ba yawan gawa take fara dubawa ba. Raphael Lemkin, lauya Bayahude ɗan Folan da ya rasa danginsa da dama a hannun 'yan Nazi, shi ya yi ta bin wakilan ƙasashe har Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ranar 9 ga Disambar 1948. Abin da ta sa a gaba shi ne niyya, wato nufin shafe wata al'umma, dukanta ko wani sashe nata, saboda ƙasarta ko ƙabila ko launin fata ko addini. Kisa hanya ɗaya ce kawai cikin biyar da ta ambata. Akwai yi wa mutane mummunar illa a jiki ko a ƙwaƙwalwa, akwai jefa su cikin halin rayuwar da aka san zai ƙarar da su, akwai hana su haihuwa, akwai kuma ƙwace 'ya'yansu a ba wata al'umma.

Wannan na jefa mutane cikin halin da zai ƙarar da su shi ya fi saurin ɓace wa ido, don ba a jin ƙarar bindiga. A 1904, a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya, Janar Lothar von Trotha na Jamus ya kora Herero cikin hamadar Omaheke ya tsare rijiyoyi. Ƙishirwa ta yi masa aikin. Sai a 2021 Jamus ta amsa da bakinta cewa abin da aka yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi ne. A 1915 Daular Usmaniyya ta tasa Armeniyawa a ƙafa zuwa hamadar Siriya, kuma har yau Turkiyya ba ta yarda da wannan suna ba. A shari'ar Jean-Paul Akayesu, magajin garin Taba na Ruwanda, kotun ƙasa da ƙasa da aka kafa don Ruwanda a garin Arusha na Tanzaniya ta yanke hukunci ranar 2 ga Satumbar 1998 cewa fyaɗen da aka yi wa matan Tutsi yana cikin kisan ƙare dangin. Wannan ne karon farko da wata kotun ƙasa da ƙasa ta sami mutum da wannan laifi, kuma ba janar ba ne, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya taɓa koyarwa a makaranta. Yarjejeniyar tana da giɓi babba: an cire waɗanda ake kashewa saboda siyasa. Shi ya sa a Kambodiya, inda mulkin Khmer Rouge ya ci ran mutum tsakanin miliyan 1.5 da miliyan 2 daga 1975 zuwa 1979, hukuncin kisan ƙare dangi na 2018 ya tsaya ne a kan abin da aka yi wa 'yan asalin Biyetnam da Musulmin Cham. Sauran an saka su a ƙarƙashin cin zarafin bil'adama.

To me ke kawo shi? In aka jera waɗannan labarai za a ga kusan duk a cikin yaƙi aka yi su, ko a lokacin da masu mulki suka ga kujera na neman kufce musu. A Ruwanda farashin gahawa ya faɗi a 1989, 'yan tawayen RPF, waɗanda mafi yawansu Tutsi ne, suka shigo daga Yuganda a Oktoban 1990, yarjejeniyar Arusha ta Agustan 1993 ta tanadi raba mulki da rundunar soja, abin da na kusa da Habyarimana suka ga asara ce tsagwaronta. Sannan a Oktoban 1993 sojojin Tutsi a Burundi suka kashe zaɓaɓɓen shugaba ɗan Hutu, Melchior Ndadaye. Masu tsattsauran ra'ayi suka samu abin nunawa: kun ga abin da za su yi muku.

Nan ne zuciyar al'amarin take. Ba a ce wa manomi, "Je ka kashe maƙwabcinka don ka tsane shi." Ce masa ake yi, "Maƙwabcinka na shirin kashe ka, ka riga shi." Duk abin da masu shirin ke ƙullawa sai su shafa wa waɗanda za a kashe. Jaridar Kangura ta buga dokoki goma na Hutu a Disambar 1990, wanda duk ya auri 'yar Tutsi ko ya yi kasuwanci da Tutsi an ce maci amana ne. A Nuwambar 1992 Léon Mugesera ya tsaya gaban taron jam'iyya ya ce za a mayar da Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo, kuma bayan shekara ɗaya da rabi kogin ya ɗauki gawarwaki. Gidan rediyon RTLM da aka buɗe a 1993 ba da huɗubar ƙiyayya ya ja matasa ba, da kiɗa mai daɗi da barkwanci ya ja su, ana dariya ana kiran mutane kyankyasai. Da kisa ya kankama, rediyon nan ne ke karanta sunaye da lambobin mota da wuraren da mutane suka ɓuya. A Miyanma dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta bar 'yan Rohingya ba su da ƙasa, kuma kafin sojoji su far musu a Agustan 2017 har sama da 700,000 su tsere Bangaladash, an shafe shekaru ana yi musu irin wannan ruwan ƙazafi a Facebook. Kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba.

Masu aiwatarwa kuwa, da a ce dodanni ne da hankali ya ɗan kwanta. Da asubahin 13 ga Yulin 1942 aka kai wata bataliyar 'yan sandan Jamus ta 101 ƙauyen Józefów na Folan. Magidanta ne daga Hamburg, ma'aikatan tashar jirgin ruwa da direbobi da akawuna, shekarunsu sun wuce na zuwa fagen daga. Kwamandansu, Manjo Wilhelm Trapp, ya gaya musu aikin ranar muryarsa na rawa, ya kuma ce wanda ya ga ba zai iya ba ya fito gefe. Cikin kusan mutum 500, kimanin 12 ne suka fito. Ba a yi musu komai ba. Kafin dare an harbe Yahudawa kusan 1,500. Da aka yi musu tambayoyi a shekarun 1960, da yawansu ba maganar ƙin Yahudawa suka kawo ba, cewa suka yi ba sa so abokan aiki su ɗauke su matsorata, ko su bar wa 'yan'uwansu aikin ƙazanta. Kunyar idon abokai, abin da a kullum muke yabawa a matsayin hali nagari, ita ta riƙe su a layi.

Amma wannan buƙatar hannaye masu yawa ita ce kuma raunin shirin. Lardin Butare a kudancin Ruwanda yana da 'yan Tutsi da yawa, kuma gwamnansa, Jean-Baptiste Habyalimana, shi kaɗai ne Tutsi cikin gwamnonin ƙasar. Ya yi ta zagaye yana kwantar da hankali, yana hana kafa shingaye, wasu jami'an tsaro da shugabannin ƙananan hukumomi suka ba shi goyon baya. Kigali na cin wuta tun 7 ga Afrilun 1994, garin Butare na zaune. Sai da gwamnatin riƙon da aka kafa bayan kashe Shugaba Habyarimana ta tsige shi, shugaban riƙo Théodore Sindikubwabo ya zo da kansa ranar 19 ga wata ya caccaki masu jan ƙafa, aka kuma shigo da sojoji da 'yan daba daga waje, sannan kisa ya kankama. An kashe gwamnan da iyalinsa, Butare ta zama cikin wuraren da aka fi ɓarna. Mai son karaya zai ce ai bai hana komai ba. Ni abin da na gani shi ne, mutanen da aka ce suna jira ne kawai su yanka juna sai da aka aiko musu shugaban ƙasa.

A Denmak an yi nasara. Wani jami'in diflomasiyyar Jamus, Georg Duckwitz, ya fallasa ranar da za a kwashe Yahudawa a ƙarshen Satumbar 1943, kuma cikin 'yan makonni masunta da likitoci da malaman coci suka tsallakar da sama da 7,000 zuwa Suwidin. A Kigali akwai Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal mai aikin sa ido, ba ya ɗauke da makami. Umarnin da aka ba shi bai haɗa da ceto ba. Ya fara da 'ya'yan Firaminista Agathe Uwilingiyimana a ranar da aka kashe ta, daga nan ya riƙa ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan a motarsa, yana ratsa shingaye da raha da taba sigari da 'yan kuɗi, har ɓarɓashin harsashin igwa ya kashe shi ranar 31 ga Mayu.

Taimakon waje fa? A nan ba ni da kyakkyawan zato mai yawa. Ranar 11 ga Afrilun 1994 sojojin Beljiyam suka fice daga makarantar fasaha ta Kicukiro inda mutum kusan 2,000 suka fake a bayansu, kuma ba a kwana ba aka kashe mafi yawansu. Ranar 21 ga wata Kwamitin Sulhu ya rage dakarun daga kusan 2,500 zuwa 270. Jami'an Amurka suka riƙa kauce wa kiran abin da sunansa don kada nauyi ya hau kansu, ko toshe tashar RTLM ma aka ce akwai tsada da matsalar doka. Bayan shekara ɗaya aka maimaita a tsakiyar Turai. Srebrenica da ke Bosniya wuri ne da Majalisar ta ayyana tudun mun tsira tun Afrilun 1993. Ranar 11 ga Yulin 1995 dakarun Ratko Mladić, kwamandan Sabiyawan Bosniya, suka shiga, a gaban sojojin Holan aka ware maza daga mata a Potočari, aka kashe Musulmi maza da yara samari sama da 8,000. Ka lissafa motocin bas da man da suka sha, da makarantu da rumbunan da aka tanada, da motocin haƙa da suka dawo bayan wata biyu suka tone kaburbura suka rarraba gawarwakin don a ɓatar da sawu, har ana samun ƙasusuwan mutum ɗaya a ramuka daban-daban. Duk waɗannan sai da wani ya rubuta takardar izini.

Ba na cewa duniya ba ta koyi komai ba. Tarayyar Afirka ta rubuta a kundinta na 2000 cewa tana da ikon shiga ƙasa in ana kisan ƙare dangi, kuma a 2005 shugabannin duniya suka amince cewa in gwamnati ta kasa kare jama'arta nauyin ya koma kan sauran ƙasashe. A Kenya, bayan zaɓen Disambar 2007, an kashe sama da mutum 1,000 bisa layin ƙabila, amma Kofi Annan ya zauna a kan Mwai Kibaki da Raila Odinga har suka sa hannu kan raba mulki ranar 28 ga Fabrairun 2008. Irin wannan nasara ba ta samun shela, don abin da aka hana faruwa ba shi da hoto. Gambiya, ƙasa 'yar mitsitsiya, ta maka Miyanma a Kotun Duniya a Nuwambar 2019, ministan shari'arta na lokacin, Abubacarr Tambadou, ya taɓa aiki a kotun Ruwanda, ya ga alamun da ya sani. Afirka ta Kudu ta bi wannan hanya a kan Isra'ila game da Gaza a Disambar 2023, kotun kuma ta ba da umarnin wucin gadi ranar 26 ga Janairun 2024. Sai dai kotu ba ta da soja, kuma ƙasashe biyar masu ikon hawa kujerar naƙi kowacce na da yaronta da ba a taɓawa.

Mu ma masu zargin manyan ƙasashe da son kai, kada mu wanke kanmu. Na lura mutum zai yi kuka don Srebrenica da Rohingya, amma in ka ambaci Yazidawan Sinjar da 'yan ISIS suka karkashe mazansu suka sayar da matansu a Agustan 2014, sai ya fara neman uzuri. Wani kuma ya haddace tarihin Yahudawa miliyan 6, amma in an zo kan Gaza ya yi kunnen uwar shegu. Wanda sai ya tambayi addinin gawa kafin ya san ko zai ji zafi, ya riga ya karɓi ƙa'idar farko ta masu kisan, cewa rai iri-iri ne.

Darfur ce ta fi nuna abin da ke biyo bayan rashin hukunci, kuma a can masu kisa da waɗanda ake kashewa duk alƙibla ɗaya suke fuskanta. Daga 2003 gwamnatin Sudan ta saki Janjawid a kan Fur da Masalit da Zaghawa. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Omar al-Bashir a 2009, ta ƙara tuhumar kisan ƙare dangi a 2010. Ya ci gaba da yawonsa, har ya halarci taron Tarayyar Afirka a Johannesburg a 2015 ya tashi a jirginsa duk da umarnin wata kotun ƙasar na kada ya fita. Janjawid kuwa ba a rusa su ba, a 2013 aka ba su kaki da albashi da sabon suna, RSF. An hamɓarar da al-Bashir a 2019 ba a miƙa shi ba. Dakarun kiyaye zaman lafiya suka kammala aikinsu a Darfur a ƙarshen 2020. A watan Yunin 2023 gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, ya fito a talabijin ya ce ana yi wa jama'arsa kisan ƙare dangi, ya roƙi a kawo ɗauki, kuma bayan 'yan sa'o'i aka kama shi aka kashe shi. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa an kashe mutum tsakanin 10,000 da 15,000 a El Geneina, babban birnin jihar, kaɗai a shekarar, a hare-haren RSF da ƙawayenta, mafi yawansu Masalit, ƙabilar da aka far wa shekara 20 kafin nan. Amurka ta kira shi kisan ƙare dangi a Janairun 2025, bayan da waɗanda suka tsira suka yi sama da shekara ɗaya a sansanonin gudun hijira na gabashin Chadi.